Shuɗiyar Igiyar Takalmi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina ɗaukar muryoyin yaran unguwarmu ta Mount Druitt a garejina, kuma har yau ban gama gane su ba. Yaro zai zo ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya rusuna ya gaishe ni, ya tambayi ciwon gwiwata, sannan ya tsaya gaban makirufo ya kashe mutum huɗu kafin kiɗa ya kai rabi. In ya gama sai ya cire abin sauraro daga kunne ya ce, "Anti Leata, ya fita kuwa?" Ni kuma in ce ya fita, amma na ukun bai mutu sosai ba, a sake.

Kayan ɗaukar sautin na mijina ne, marigayi Ioane. Ya saye su don waƙoƙin cocin ƙabilarmu ta Samowawa, inda nake kaɗa piyano tun ina budurwa. Bayan rasuwarsa 'yan gambarar zamani suka fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na buɗe masu, don zaman shiru ya ishe ni, ga shi kuma Allah ya yi ni da son sanin abin da bai shafe ni ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wannan magana tasu ta "na gaske" da "na bogi". Duk wanda ya shigo sai na tambaye shi da me ake aunawa. Wani ya ce zaman gidan yari. Wani ya ɗaga riga ya nuna mini tabo, daga baya uwarsa ta gaya mini aikin asibiti ne aka yi masa yana ɗan shekara tara. Wani kuma ya ce lambar unguwar da aka haife ka ita ce komai, alhali na san can ƙetare, a Auckland, aka haife shi, don ni na raka uwarsa filin jirgi. Abu guda suka yarda da shi baki ɗaya: in ka rera abin da ba ka yi ba, aka kama ka, to ka gama yawo.

Maselino ɗan wana ne, Lino muke ce masa, amma a waƙa ya sa wa kansa suna Gatari. Shekararsa ashirin da uku, muryarsa kuwa in ya sake ta har gilashin tagar gareji sai ya amsa. Aikinsa a gidan kula da tsofaffi ne, yana juya su, yana canza masu zanen gado, kuma tsofaffin nan ba su yarda da hannun kowa sai nasa. Wannan yaro ko tarar gudu da mota ba a taɓa rubuta masa ba. Wansa Peleti shi ne ya sha zaman kaso, shekara huɗu a kan wani faɗa, aka sako shi bisa sharaɗi, yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito. Sharaɗin kuwa babu wasa a cikinsa: in wani tsohon laifi ya taso, komawa zai yi, kuma wannan karon ba shekara huɗu ba.

Lino ya fara suna sosai a lokacin da Kelepi ya sako shi a gaba. Kelepi ba ɗan ƙabilarmu ba ne, Batonge ne daga unguwar Granville, bai ma wahalar da kansa da sunan waƙa ba, don shekara uku da ya yi a ɗaure sun ishe shi suna. Wata ranar Alhamis ya saki zambo na minti biyu, kuma gaskiya ta Allah na saurare shi sau biyar, don yaron ya iya. Ya ce Gatarin Mount Druitt bai taɓa saran ko ayaba ba. Ya ce hannun da ake cewa yana riƙe wuƙa, fo yake ɗauka wa tsofaffin Turawa. Ya ce duk mai son ganin ɗan dabar nan ya je coci ranar Lahadi ƙarfe goma, layi na biyu a cikin mawaƙa, da farar riga da zane irin na mazan ƙabilarmu. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, abin da ya sa ya yi zafi ke nan.

Dokarsu a wannan harka ba a rubuce take ba, amma kowa ya san ta. In an yi maka zambo, kwana bakwai gare ka ka rama. In ka wuce haka ba ka ce komai ba, ka amsa laifinka, kuma ba za a ƙara jin muryarka ba tare da an yi dariya ba.

Ranar Litinin da rana Lino ya shigo da takardarsa, idanunsa sun yi ja. Baiti biyu na farko zagi ne irin wanda aka saba, na hamma ma na yi. A na uku ne na gyara zama. Ya ba da labarin wata farar mota da aka ƙona a bayan gidan wankin kaya na kusa da tashar jirgin ƙasa, shekara bakwai da suka wuce. Duk unguwa ta san wannan, har da wani kare mai ƙafa uku da aka samu a gefe da ransa, don jaridar unguwa ta buga hotonsa, kuma ba a taɓa kama kowa ba. Amma Lino ya rera shi da bakin wanda ya yi. Ya ce ya riga ya zuba fetur sai ya ji kuka a kujerar baya, ya fasa gilashi ya ciro karen, ya rasa abin ɗaure shi, ya zare shuɗiyar igiyar takalminsa na hagu ya ɗaure shi a jikin turken wutar lantarki, sannan ya ƙyasta ashana. Ya ce da takalmi ɗaya yana cakal-cakal ya gudu gida.

Na tsayar da kiɗan na ce masa wannan ita ce ƙarya mafi daɗi da aka taɓa yi a garejin nan. Ya yi wani murmushi da ban kula da shi ba a lokacin. Kamar yadda suka saba, ya yanki daƙiƙa goma sha biyar ya sa a waya don a ɗanɗana, daga farar motar zuwa kukan kare, ya rubuta a ƙasa cewa sauran na nan tafe ranar Laraba. Kafin in gama dafa shinkafar yamma mutum dubu sun gani.

Washegari wajen ƙarfe goma na safe ina shanya a bayan gida na ji an ƙwanƙwasa ƙofar gareji. Na leƙa sai ga Kelepi, shi kaɗai, ya riga ya tuɓe takalmi ya ajiye su a jere. Na san fuskarsa daga waya, amma waya ba ta nuna girmansa ba, don sai da ya karkata kafaɗa kafin ya shiga. Ban ji tsoro ba, haushi na ji, sai kuma son jin abin da ya kawo shi ya danne haushin. Na nuna masa kujera ya ƙi, ya zauna a ƙasa ya naɗe ƙafafu yadda ake yi a gaban manya, hularsa a hannu.

Na ce masa in faɗa ya zo yi, Lino yana wurin aiki yana ɗaukar fo, kamar yadda shi da kansa ya sanar wa duniya. Ya sunkuyar da kai ya ce ba faɗa ba ne. Ya tambaye ni ko a wurina waƙar take, na ce a wurina take, kuma ba zai ji ta ba sai Laraba tare da kowa.

"Ba sai na ji ba, Anti," in ji shi. "Layin da ke biye, igiyar takalmi ce. Shuɗiya."

Babu wanda ya ji baitin nan sai ni da Lino da bangon gareji. Na jawo kujera na zauna na ce ya yi mini bayani a hankali, don kaina ba na yara ba ne.

Ya ce lokacin da aka ƙona motar, shi 'yan sanda suka fara ɗauka, don yana da tsama da mai ita. Awa shida suna juya shi, kuma tambaya ɗaya suke ta dawowa kanta ta hanyoyi daban-daban: da me aka ɗaure karen? Bai sani ba, shi ya sa suka sake shi. A nan ya gane sun ɓoye wannan bayanin, ba su ba jarida ba, suna jiran ranar da wani zai faɗe shi da bakinsa. Bayan shekara biyu aka kai shi gidan yari a kan nasa laifin, aka haɗa shi ɗaki ɗaya da wani Basamowe daga Mount Druitt. Wata takwas suna raba taliyar leda guda, kowa rabi. A cikin hirar da mutum ke yi in bango ya ishe shi, Basamowen ya ba shi amsar tambayar da ya kasa amsawa.

Na ce, "Peleti."

Ya juya hularsa a hannu. Ya ce 'yan sanda suna da masu zama su saurari waƙoƙin nan baiti-baiti, sun fi masoya ma naci. In waƙar ta fita Laraba, Alhamis za su zo wurin Lino. Za su ga yaron yana ɗan shekara sha shida a lokacin, ba shi da tabo ko ɗaya, sai su tambayi kansu wa kuma ke kwana a gidan.

Na tambaye shi abin da ya fi damuna, wato me ya sa ya zo. Na ce ai da ya yi shiru, da abokin gabarsa ya rusa gidansu da hannunsa, shi kuma ya ci riba. Ya dube ni kamar na faɗi wata ƙazamar magana a coci. Ya ce waƙa waƙa ce, ɗaki kuma ɗaki ne, ba a haɗa su. Ban gane ba sosai, amma na riƙe.

Na buga wa Lino waya na ce ya nemi izini ya zo yanzu, gwiwata ce ta tashi. Cikin minti ashirin ya shigo da gudu da shuɗin kayan aikinsa, katin sunansa yana lilo a ƙirji. Da ya ga wanda ke zaune ya yi turus, ya dunƙule hannu, ya fara kumbura yadda yake yi a hoton waƙa. Na ce masa ya sauke wannan iskar ya zauna, a ƙasa, kamar baƙona. Ya zauna, amma can nesa, kusa da injin yanke ciyawa.

Na tambaye shi kai tsaye a ina ya samo igiyar takalmin. Ya ce ƙirƙira ya yi. Na ce ya sake tunani, don ni na yi masa wanka yana jariri, na san yadda kunnensa ke yi in yana ƙarya. Sai ya ce takalmin nasa ne. Sabo ne fil, an saya masa na ranar haihuwa, Peleti ya ara ba da izini ba, ya dawo da shi yana warin fetur, na hagu babu igiya. Da hoton karen ya fito a jarida ya haɗa ɗaya da ɗaya, ya matsa wa wansa har ya gaya masa sauran, ya kuma rantse ba zai faɗa wa kowa ba.

"Amma ai ba sunansa na kama ba," in ji Lino. "Cewa na yi ni ne. Kuma takalmina ne, Anti. Takalmina ya je wurin."

Kelepi ya yi ƙoƙarin haɗiye dariya ya kasa, ta fito masa ta hanci. Ya ce, "To ai shi ke nan, toko, ɗan'uwana, sai a ba takalmin makirufo. Shi ne na gaske a gidanku."

Ni ma da na yi dariya, sai na ga fuskar Lino. Wannan yaro shekara bakwai yana riƙe da igiyar da babu ita, ita kaɗai ce ta haɗa shi da duniyar da yake rerawa. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma ya fi, don saboda a ce masa namiji ya kusa mayar da wansa bayan ƙarfe. Na gaya masa haka da kalmomin da ba zan maimaita ba. Kelepi ya sake yi masa bayanin 'yan sanda tun daga farko, a hankali, ba gori.

Lino ya ce to a cire baitin, zai rubuta wani kafin gobe. Ni ma abin da na zata ke nan, amma Kelepi ya girgiza kai. Ya ce daƙiƙa goma sha biyar ɗin nan sun riga sun fita, kowa yana jiran ƙarshen labarin kare, kuma masu sauraro baiti-baiti su ma sun ji. Muddin ana ɗaukar Gatari a matsayin na gaske, za a bi labarin a ga inda ya fito. Hanya ɗaya ce za ta sa kowa ya watsar da shi, har da su: a tabbata cewa maƙaryaci ne, ya tsinci labarin a tsohuwar jarida, aka ƙure shi ya kasa ƙarasawa. Shi Kelepi zai saki zambo na biyu ya faɗi haka. Lino kuma zai yi shiru, kwana bakwai su wuce, wata ya wuce, ba zai taɓa ramawa ba.

Lino ya ce, da ƙaramar murya, "Ka san abin da kake cewa in yi?"

"Na sani," in ji Kelepi. "Da ni ne, ban san ko zan iya ba."

Na tambaye shi me zai hana su duka biyun su yi shiru abin ya mutu. Ya ce in ya yi shiru bayan an yi masa barazana, yaransa za su sunsuno wani abu su fara tambaya, tambaya kuwa ita ce ba a so. Dole ya yi murna a fili, ya taka, ya wuce. Tun da haka ne, na ce, sai mu yi ciniki. Ba zai kama sunan uwar kowa ba, ba zai taɓa matattu ba, yaransa ba za su zo layin nan ɗaukar hoto ba, kuma zambo ɗaya ne ba ƙari. Ya amince da duka. Na ce ya bar maganar mawaƙan coci, ya roƙe ni da girman Allah in bar masa wannan, don ita ce ta fi tafiya. Na bar masa, da sharaɗin ya gyara, don Lino a layi na uku yake tsayawa ba na biyu ba.

Sharaɗi na ƙarshe daga Lino ya fito. Ya ce kada Peleti ya ji ko kalma. Ya san wansa: in ya ji ƙanensa ya zubar da sunansa saboda shi, to da ƙafarsa zai je ya kai kansa, don ba zai iya ɗaukar wannan nauyin ba. Muka yarda mu uku. Na kunna kwamfuta, na nuna wa Lino inda waƙar take, na ce shi zai danna. Ya sa abin kunne ya saurari baiti na ukun sau ɗaya, idonsa a rufe, sannan ya goge. Ba na alfahari da ɓoye laifi, kuma na san mai motar nan ya yi asara. Amma da za a mayar da ni safiyar nan, abin da zan yi ke nan.

Laraba ta zo ta wuce babu waƙa. Ranar Juma'a Kelepi ya saki nasa, ya kuwa cika alkawari har ya fi, don bai rage wa yaron komai ba. Ya ce Gatari ya je ɗakin karatu ya nemo ta'addancinsa a tsohuwar jarida. Cikin kwana biyu yara a tasha suna yi wa Lino haushin kare in ya wuce, suna ɗage ƙafa ɗaya. Waɗanda ke bin sa gareji suna riƙe masa ruwa suka ɓace. An cire sunansa daga wani wasa da zai yi a Blacktown, aka ce fili ne ya yi kaɗan.

Ranar Lahadi bayan coci muka taru a gidana kamar kullum. Na dafa gwaza, da ganyensa a madarar kwakwa, da naman gwangwani da ɗanyar ayaba. Peleti ya iso a makare, bai ko tsaya gaisuwar kirki ba. Ana gama addu'a ya ajiye cokali ya dubi ƙanensa. Ya ce kwana goma ke nan da zambon farko, ba a rama ba. Ya ce a sito har direbobin manyan motoci suna yi masa haushin kare. Ya ce ya san Kelepi, ya kwana ɗaki ɗaya da shi, mutum ne kamar kowa, ba dodo ba, me ake tsoro? Shi bai damu da waƙa ba, amma in mutum ya ɗauki sunan unguwa ya ɗora a kansa, ba ya ajiye shi a tsakiyar titi ya gudu.

Bakina ya buɗe da kansa. Wallahi saura kaɗan in faɗa, don zuciyata tana tafasa, kuma ban taɓa iya riƙe magana ba. Lino ya ɗago ya dube ni, kallo ɗaya, na mayar da bakina na rufe.

"Gaskiya ya faɗa, uso," in ji Lino, wato ɗan'uwa da yarenmu. "Ban taɓa yin komai ba."

Peleti ya dube shi da wani irin raini da ban taɓa gani tsakaninsu ba. Ya ce, "To daga yau kada ka ƙara kama sunan Mount Druitt a bakinka." Lino ya ce to. Ya miƙa hannu ya jawo kwanon gwaza, ya zuba wa wansa, ya zuba wa kansa, ya ci gaba da ci yana kallon farantinsa. Ni kuma na tashi na shiga kicin na yi kukana a gaban famfo.

Shekara biyu ke nan. Lino bai ƙara tsayawa gaban makirufona ba. Peleti har yau ba ya yi masa maganar kirki, in sun haɗu a gidana gaisuwa ce a taƙaice, sai ya ci abincinsa, ya ɗauki mukullin motarsa, ya tafi ya kwana a gidansa, ba a gidan yari ba.